Manhajojin Sarrafa Hanyoyin Sadarwa da Gano Matsalar Sabis a Karkara: Darasi Daga Ƙasar Kunci

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda kamfanonin sadarwa ke amfani da manhajojin sarrafawa wajen sa ido a kan turakun sabis, da gano inda matsala take, da tsara aikin gyara. An ɗauki ƙasar Kunci da ke arewacin Jihar Kano a matsayin farfajiyar misali, saboda zamanta na karkara mai ƙauyuka kusa da juna yana fito da wasu matsaloli da ba kasafai ake lura da su a birni ba. An dogara da ƙa'idojin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da na Hukumar Sadarwa ta Nijeriya wajen bayanin fasaha, da kuma maganganun yau da kullum na Hausawa masu amfani da waya wajen bayanin harshe. Maƙalar ta nuna cewa manhaja ba ta sanin komai sai abin da na'ura ta kai mata rahotonsa, don haka akwai matsalolin da mazauna ƙauye ke riga allon injiniya sani. An ware maganganun ƙorafi guda 6 da aka saba ji a bakin jama'a, an danganta kowace da irin lalacewar da take nunawa, sannan an gabatar da wasu kalmomin fannu domin koyar da wannan ilimi da Hausa.

Fitilun Kalmomi: manhajar sarrafawa, turken sabis, ƙararrawa, gano matsala, kalmomin fannu, Kunci

1.0 Gabatarwa

Kafin shekarar 2001, wayar tarho a Nijeriya abu ne na ofisoshin gwamnati da gidajen masu hali a manyan birane, a ƙarƙashin kamfanin NITEL wanda aka kafa a 1985. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda kowane lasisi ya kama dala miliyan 285. A watan Agustan wannan shekara MTN da Econet suka fara aiki. Econet ɗin ne, bayan sauye-sauyen suna, ya zama Airtel a 2010. Globacom ya biyo baya a 2003, Etisalat kuma a 2008.

Cikin shekaru kaɗan wayar hannu ta tashi daga kayan ƙawa ta koma kayan aiki. Da ita manomi ke jin farashin gero da wake a kasuwar Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota. Da ita ɗalibi ke aika lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa zuwa 55019 domin fara rajistar JAMB. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ciniki a kasuwannin ƙauye ya rataya a kan tiransifa da na'urar POS, kuma a zaɓen wannan shekara ɗora sakamakon rumfa daga na'urar BVAS ya buƙaci sabis. A watan Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda dalilan tsaro, mutane sun riƙa yin doguwar tafiya domin kawai su yi kira ko su karɓi kuɗi.

Wancan rufewa na ganganci ne, kuma an sanar da shi. Wanda ya fi yawa shi ne katsewar da ba wanda ya shirya ta: janareta ya tsaya, an sare igiya, hadari ya karkatar da na'ura. Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambayoyi 3. Ta yaya injiniyan da ke zaune a birni ke sanin turke ya mutu a ƙauye? Waɗanne matsaloli ne ke kuɓuce wa manhajarsa? Wace rawa harshen Hausa zai taka wajen cike wannan giɓi?

1.1 Farfajiyar Nazari

Kunci ƙaramar hukuma ce a shiyyar Kano ta Arewa, tana maƙwabtaka da Bichi da Tsanyawa, kuma ita da Tsanyawa ne ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A 2024 Majalisar Dokokin Jihar Kano ta amince da sauya mata suna zuwa Ghari, amma an riƙe sunan Kunci a nan saboda shi ne ke cikin tsofaffin takardu. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutane kimanin 111,000. Mazaɓunta 10 ne: Bumai, Garin Sheme, Gwarmai, Kasuwar Kuka, Kunci, Matan Fada, Ridawa, Shamakawa, Shuwaki da 'Yandadi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta noman gero da dawa da gyaɗa da wake, inda ba a yin nisa ba a tarar da wani ƙauye ba.

Wannan zama yana da ma'ana ga injiniya. Shimfiɗar ƙasa na taimaka wa siginar rediyo ta yi nisa. Sai dai jama'ar a warwatse suke cikin ƙananan garuruwa masu yawa, don haka turke ɗaya kan ɗauki nauyin ƙauyuka da dama. A birni, idan turke ya mutu, na kusa da shi kan rufa asiri. A karkara kuwa sau da yawa babu mai rufawa.

2.0 Sassan Hanyar Sadarwa

Kafin a fahimci aikin manhaja, dole a san abin da take lura da shi. Kiran da ya tashi daga wayar hannu yana ratsa matakai 4.

Na farko shi ne turken sabis, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Galibi ana raba kewayensa gida 3, kowane kashi da eriyarsa mai kallon wata nahiya. A wannan maƙala an kira kowane kashi fuskar turke. Zangon mita na 900 ya fi na 1800 da na 2100 nisan tafiya, shi ya sa ya fi dacewa da karkara. A tsarin GSM na asali, iyakar nisan da waya za ta yi magana da turke kilomita 35 ne, amma a zahiri ba a kai rabin haka ba ake fara shan wahala.

Na biyu shi ne mahaɗi, wato abin da ke haɗa turke da sauran hanya. Ko dai igiyar fayiba da aka binne a gefen manyan tituna, ko kuma mahaɗin iska, wato kwanon nan mai kama da ganga da ake gani a jikin turke, wanda ke kallon ɗan'uwansa a wani turken kai tsaye. A karkara akan jera turaku kamar ƙwayoyin carbi, kowanne yana karɓa daga na gabansa.

Na uku shi ne cibiyar musanya, inda ake tantance layi, a nemo wanda aka kira, a lissafa kuɗi. Na huɗu shi ne wutar lantarki. Na'urorin turke suna aiki da wutar batir mai ƙarfin bolt 48, kuma saboda rashin tsayayyar wutar gari, batiran sun dogara da janareta mai shan man gas, ko faranten hasken rana, ko duka biyun.

Akwai wani abin lura game da mallaka. Tun daga wajajen 2014 manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin turaku irin su IHS da ATC. Ke nan ƙarfen da janareta da batir na wani kamfani ne, na'urorin rediyo kuma na wani. Wannan rabo yana shafar gyara, domin sanin wanda za a aika wa takardar aiki rabin magani ne.

3.0 Manhajar Sarrafawa da Ayyukanta

Manhajar sarrafawa ita ce ke tattara rahoton dukkan waɗannan na'urori ta nuna shi a allo guda, a cibiyar sa ido da ake zama dare da rana. Kowane mai ƙera na'ura yana da tasa: Ericsson na da ENM, Huawei na da iManager, Nokia na da NetAct, ZTE na da NetNumen. Akwai kuma na kyauta irin su Nagios da Zabbix, waɗanda jami'o'i da ƙananan masu sayar da intanet ke iya amfani da su.

Tsarin ya yi kama da na sarautar gargajiya. Kowace na'ura kamar mai unguwa ce da ke sanin halin unguwarsa. Manhajar mai ƙera na'ura kamar dagaci ce da ke karɓar rahoton masu unguwanninsa. A sama kuma akwai babbar manhaja, kamar hakimi, wadda ke haɗa rahoton dagatai ta ga ƙasar gaba ɗaya. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, ta tsara wannan hawa-hawa a ƙa'idarta mai lamba M.3010.

Ayyukan manhajar guda 5 ne, waɗanda aka taƙaita da haruffan FCAPS, kuma aka fayyace a ƙa'ida mai lamba M.3400:

i. Lura da lalacewa: karɓar ƙararrawa, da gano tushenta, da bin gyara har ya kammala.
ii. Lura da saiti: adanawa da sauya yadda aka daidaita kowace na'ura daga nesa.
iii. Lura da lissafi: sanin wanda ya yi amfani da me, kuma nawa.
iv. Lura da ƙwazo: auna yawan kiran da ya shiga, da wanda ya katse, da saurin data.
v. Lura da tsaro: tantance wanda ke da izinin taɓa na'ura, da rubuta abin da ya taɓa.

Ɗaya daga cikin sanannun yarukan da manhaja ke magana da na'ura da su shi ne SNMP, wanda ya fara fitowa a 1988. Hanya biyu yake bi. Ko manhaja ta riƙa tambayar na'ura lafiyarta lokaci bayan lokaci, ko na'ura da kanta ta aiko da rahoto da zarar wani abu ya faru. Wannan rahoto shi ne ƙararrawa. Ƙa'idar X.733 ta kasa ƙararrawa matakai: mai tsanani, da babba, da ƙarama, da ta jan kunne, da wadda ba a tantance ba, da kuma sanarwar cewa matsala ta kau. Ban da ƙararrawa, na'urori kan aiko da ƙididdigar aikinsu, galibi duk bayan minti 15, kuma daga ita ake fitar da ma'aunan inganci. Ma'aunin NCC shi ne aƙalla kira 98 cikin 100 su shiga, kuma kada fiye da 1 cikin 100 ya katse. A watan Mayun 2012 hukumar ta ci tarar kamfanoni 4 jimillar naira biliyan 1.17 saboda gaza cika ma'aunan inganci.

4.0 Matakan Gano Matsala

Ƙararrawa alama ce, kamar zazzaɓi a jikin mutum. Aikin injiniya shi ne ya bi alamar ya kai ga cutar. Ga misali na koyarwa, wanda aka ƙaga domin bayani kawai.

A ƙaddara turaku 4 ne a jere. Turke A yana bakin babban titi, yana da fayiba. Turke B yana karɓa daga A ta mahaɗin iska, C yana karɓa daga B, D kuma daga C. Da ƙarfe 5:05 na asuba allon cibiya ya yi ja: B da C da D duk sun daina amsawa, ƙararrawa sun zubo da dama. Wanda bai ƙware ba zai ɗauka turaku 3 ne suka lalace, ya nemi tura ma'aikata wuri 3.

Ƙwararre zai yi tambayoyi 3 a jere. Ta farko: me ya riga faruwa? Ya koma baya a jerin ƙararrawa, sai ya ga da ƙarfe 1:10 na dare turke B ya sanar cewa janareta ya tsaya, an koma kan batir. Da ƙarfe 4:20 ƙarfin batir ya yi ƙasa, na'ura ta kashe sashen rediyon B domin ta tattala sauran wutar ga mahaɗi, kamar yadda aka saba saita turakun da wasu ke rataye da su. Da ƙarfe 5:05 batir ya ƙare. Ta biyu: wa ke rataye da wa? Taswirar manhaja ta nuna C da D ta kan B suke bi, don haka lafiyarsu ƙalau, hanya ce ta yanke musu. Ta uku: aikin wane ne? Matsalar wuta ce, saboda haka takardar gyara ta kamfanin turaku ce, kuma mai gyaran janareta ake buƙata a wuri guda.

Wannan aiki na tace ƙararrawa masu yawa a fitar da tushe ɗaya, manhajojin zamani na yin sa da kansu idan taswirar da aka ba su daidai ce. Idan an sauya mahaɗi a fili ba a gyara taswira ba, manhaja za ta nuna wa injiniya inda ba nan ba ne. Babban darasin misalin kuwa shi ne kusan awa huɗun da ke tsakanin 1:10 da 5:05. Ƙararrawar farko ba ta kashe sabis ba, shi ya sa take da sauƙin rainawa, alhali ita ce damar rigakafi.

4.1 Tasirin Yanayi

A ƙasar Kano kowane lokaci na shekara da irin ciwonsa, kuma manhaja na taimakawa wajen bambance su.

Da damina, ruwan sama mai ƙarfi na raunana mahaɗin iska mai aiki a zangon da ya haura gigahaz 10. A jadawalin manhaja za a ga ƙarfin sigina ya faɗi, sannan ya dawo da kansa bayan hadari ya wuce. Wannan ba ya buƙatar tura kowa. Idan kuwa ya faɗi bayan iska mai ƙarfi ya zauna a ƙasa bai dawo ba, to kwanon ya karkace, sai an hau turke an daidaita shi. Tsawa kan ƙona na'urorin wuta, laka kuma kan hana motar mai da ta gyara isa wurin da wuri.

Da hunturu, ƙura na lulluɓe faranten hasken rana ta rage cajin batir, tana kuma toshe matatar iskar janareta. Ana gane wannan idan jadawalin caji yana raguwa kaɗan-kaɗan kwana bayan kwana.

Da bazara, zafi kan haura digiri 40. Ƙa'idar da masu fasaha suka sani ita ce batir mai dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 10 a kan 25. Batirin da ke riƙe turke awa 6 yana sabo, zai iya komawa ba ya kai awa 2, kuma ba za a sani ba sai daren da janareta ya tsaya.

Akwai kuma hannun mutum. Ƙararrawar buɗe ƙofa da tsakar dare, wadda faɗuwar ƙarfin batir ta biyo baya nan take, alamar sata ce. Aikin titi kan sare fayiba. Yawaitar irin waɗannan ne ya sa a 2024 Gwamnatin Tarayya ta fitar da umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

5.0 Abin da Manhaja Ba Ta Gani

Duk da ƙarfinta, manhaja tana da makanta iri 4, kuma dukkansu sun fi cutar da karkara.

Ta farko ita ce fuska mai barci. Wani lokaci fuskar turke kan daskare ba tare da aiko da ƙararrawa ba. Allon cibiya kore ne, wayar mutum ma na iya nuna sabis a cike, amma kira ba ya fita. Ana gane ta ne kawai idan an duba ƙididdiga an ga zirga-zirga ta koma sifiri. A Sabon Gari ko Kantin Kwari irin wannan faɗuwa tana bayyana nan da nan. A ƙauyen da dama can kiransa kaɗan ne, sifiri bai cika ɗaga hankalin kowa ba.

Ta biyu ita ce giɓin sabis. Wayar da ba ta samu turke ba, ba ta da hanyar kai ƙara. Ƙauyen da sigina ba ta kaiwa ba ya cikin ƙididdigar kowa. Abin da manhaja ke iya yi shi ne ƙiyasta nisan masu kira daga turke, a matakai na kimanin mita 550 a tsarin GSM. Idan aka ga masu kira da yawa suna can ƙarshen zango, alama ce cewa a bayansu akwai waɗanda ba su samu komai ba.

Ta uku ita ce ɓoyewa a cikin matsakaicin lissafi. A ɗauka kamfani na da turaku 100 a wani yanki. A cikin wata mai kwana 30, guda 99 ba su tsaya ba ko kaɗan, ɗaya kuwa ya mutu kwana 3 cur. Rahoton wata zai nuna kashi 99.9 cikin 100 na aiki, wanda abin yabo ne a takarda, alhali wasu ƙauyuka sun yi kwana 3 babu waya. Haka cunkoson ranar kasuwa yake ɓacewa. Fuskar GSM mai na'urar aikawa 2 tana da gurabe 16, kimanin 14 na murya. Bisa lissafin Erlang, masanin ƙasar Denmak, gurabe 14 na iya ɗaukar kusan minti 490 na magana a awa ɗaya idan ana so kada fiye da kira 2 cikin 100 su rasa gurbi, wato kira kusan 245 masu tsawon minti 2. Wannan ya wadaci gari a ranakun da ba kasuwa. Ranar da kasuwa irin ta Shuwaki ta ci kuwa, jama'ar ƙauyuka da dama na taruwa a ƙarƙashin fuska ɗaya. Idan an raba cunkoson awa 5 a kan awa 168 na mako, sai ya zama kamar ba a yi ba, alhali a waɗannan awanni ne kuɗin mako ke juyawa.

Ta huɗu ita ce fifiko. Kamfanoni kan jera turakunsu bisa yawan zirga-zirga da kuɗin shiga, kuma da wannan jeri ake tsara wanda za a fara gyarawa. A 2025 NCC ta wajabta wa kamfanoni sanar da jama'a duk wata babbar katsewa, kuma cikin ma'aunan girmanta akwai shafar ƙananan hukumomi 5 ko fiye. Mataki ne mai kyau, amma mutuwar turke guda a ƙauye ba ta kai wannan matsayi ba.

6.0 Harshen Mai Ƙorafi a Matsayin Shaida

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inda manhaja ta makance, shaidar da ta rage ita ce bakin mai waya. Idan aka saurara da kyau, za a tarar maganganun da jama'a ke yi sun riga sun rarrabe matsalolin:

i. "Sabis ya ɗauke." Aikatau ɗauke, kamar a "an ɗauke wuta" ko "ruwa ya ɗauke", yana nuna abu yana nan sannan ya tafi. Wannan lalacewa ce ta wuta ko ta mahaɗi, kuma ya kamata a same ta a ƙararrawa.
ii. "Nan ba ma samun sabis sai an hau tudu." Jimlar tana nuna hali mai ɗorewa. Giɓin sabis ne, maganinsa sabon turke ko gyara kallon eriya, ba mai gyaran janareta ba.
iii. "Ga sabis a cike amma kira ba ya fita." Idan ranar kasuwa ko bayan magariba kawai ake ganin haka, cunkoso ne. Idan dare da rana ne, a tuhumi fuska mai barci.
iv. "Kira yana katsewa." Idan a kan babur ko mota yake faruwa, kuma a wuri ɗaya kullum, turke ne ya kasa miƙa kiran ga maƙwabcinsa, galibi saboda kuskuren saiti.
v. "Ina jin ka, kai ba ka ji na." Wayar hannu ba ta wuce wat 2 na ƙarfin aikawa a zangon 900, turke kuwa ya ninka haka sau da yawa. A ƙarshen zango muryar turke na isa ga waya, ta waya ba ta isa ga turke. Idan kusa da turke ne, a duba eriya ko saitin mahaɗi.
vi. "Data ba ta ja." Idan harafin E ya bayyana a saman waya, ta koma kan tsohon tsarin 2G. Idan 4G ne kuma ba sauri, mahaɗi ya cika, ko matsalar na can nesa. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku 4, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya alhali turaku na lafiya.

Matsalar ita ce duk waɗannan maganganu kan narke su zama jimla ɗaya a takardar ƙorafi, wato "matsalar sabis". Bambancin da mai magana ya yi tsakanin "ya ɗauke" da "ba ma samu" shi ne bambanci tsakanin aikin yini ɗaya da aikin da ke buƙatar kasafin kuɗi. Tambayoyi 4 sun isa su mayar da ƙorafi shaida: a wane gari ko unguwa, tun yaushe, a wane lokaci na yini ko mako, kuma layi ɗaya ne ko dukkan layuka? Tambayar ƙarshe tana da muhimmanci, domin kamfanoni kan yi tarayya a turke ɗaya. Idan duk layuka sun ɗauke tare, wutar turken ce abin tuhuma. Idan ɗaya ne kawai, na'urar wannan kamfani ce.

6.1 Kalmomin Fannu da Aka Gabatar

i. Fuskar turke: kashin kewayen turke da eriya ɗaya ke kula da shi.
ii. Mahaɗi: igiya ko siginar da ke haɗa turke da cibiya.
iii. Ƙararrawa: rahoton da na'ura ke aikowa idan ta ga matsala.
iv. Tace ƙararrawa: fitar da tushe ɗaya daga ƙararrawa masu yawa.
v. Fuska mai barci: fuskar da ta daina aiki ba tare da ƙararrawa ba.
vi. Giɓin sabis: wurin da sigina ba ta kaiwa.
vii. Miƙa kira: mayar da kira daga fuska zuwa fuska ba tare da ya katse ba.
viii. Takardar gyara: bayanin matsala da ake bi tun daga buɗewa har rufewa.

An gina waɗannan kalmomi ne daga abin da Bahaushe ya riga ya sani, domin maigadin turke da mai cajin waya da ɗalibin kwalejin fasaha su fahimce su ba tare da dogon sharhi ba. Kalmomin aro da suka riga suka zauna, irin su sabis da layi da data da janareta, an bar su yadda suke.

7.0 Shawarwari

Na farko, kamfanoni su saita manhajojinsu su riƙa kwatanta kowace fuska da al'adarta, ta yadda fuskar ƙauye da ta yi shiru fiye da yadda ta saba za ta tayar da ƙararrawa. Na biyu, a riƙa auna ƙwazon turakun garuruwan kasuwa da ranar kasuwarsu. Na uku, a riƙa fitar da rahoton inganci a matakin ƙaramar hukuma. Na huɗu, masu amsa kira da Hausa a cibiyoyin kamfanoni da layin ƙorafi na NCC, wato 622, su riƙa rubuta lafazin mai ƙorafi yadda ya faɗe shi, tare da tambayoyin nan 4. Na biyar, Asusun USPF, wanda Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa domin kai sabis inda kasuwa ba ta kai ba, ya yi amfani da shaidar dagatai da masu unguwanni wajen tantance giɓin sabis. Na shida, sassan nazarin Hausa, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, su haɗa kai da sassan injiniyanci wajen tattarawa da daidaita kalmomin wannan fanni.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana sassan hanyar sadarwa, da ayyuka 5 na manhajar sarrafawa, da yadda ake bin ƙararrawa bisa lokaci da taswira har a kai ga tushen matsala. Ta nuna cewa a wuri irin Kunci, inda turke ɗaya ke ɗauke da ƙauyuka da dama, fuska mai barci da giɓin sabis da cunkoson ranar kasuwa na iya wucewa ba a gan su a allo ba. A irin wannan hali, abin da manomi ko mai POS ya faɗa da Hausa shi ne rahoton farko, wani lokaci ma shi kaɗai ne. Tattara waɗannan maganganu daga kasuwanni da shagunan caji, da tantance yadda suke bambanta daga karin harshe zuwa wani, fage ne na bincike da ke jiran manazarta Hausa.